Perugia ba ƙauye ba ce, amma akwai hawa

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin koyon Italiyanci a Perugia, amma an ce maka ƙauye ce, gara ka jira Roma ko Milan. Kada ka jira. Perugia ce hedkwatar yankin Umbria a tsakiyar Italiya, daga Roma awa biyu da 'yan kai ne a jirgin ƙasa.

A kan tudu garin yake, kusan mita 500 sama da teku, kogin Tiber na can ƙasa. Tashar jirgi, Fontivegge, tana gindin tudun, tsohon gari kuma a ƙoli. Don haka kafin ka biya kuɗin ɗaki, tambayi nisansa da minimetrò, ƙananan taragun da suka fara jigila a 2008. Masu tallan ɗaki a intanet ba sa ɗaukar hoton matakala.

Makarantarku, Università per Stranieri, tana Palazzo Gallenga, dab da tsohuwar ƙofar gari, Arco Etrusco. Etruskawa, mutanen garin kafin zuwan Romawa, ne suka gina ta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun Romawa ba su gama haɗiye su ba. A shekara ta 40 kafin haihuwarsa Octavian, wanda ya zama Sarki Augustus, ya yi wa garin ƙawanya har yunwa ta sa abokin gabarsa Lucius Antonius, da ya fake a ciki, miƙa wuya, garin kuma ya ƙone. Ɗaga kai a ƙofar za ka ga "Augusta Perusia", sunan garin a zamanin Romawa, a jikin dutsen. Rijiyar Etruskawa mai zurfin mita 37 ma tana nan, ana biya a shiga. Yamma da gari akwai tafkin Trasimeno, inda Hannibal, ɗan Kartaj ta Tunisiyar yau, ya ragargaza Romawa a 217 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ni dai Rocca Paolina ta fi tsaya mini a rai. A 1540 Paparoma Paul III ya ɗora harajin gishiri, mutanen gari suka yi bore, ya murƙushe su, ya danne unguwar iyalin Baglioni, manyan garin, da katafaren sansani, wato Rocca Paolina. Titunan unguwar suna nan a ƙarƙashin ƙasa, matakala mai lantarki na ratsa su, jama'a na bi kullum zuwa aiki. Har yau burodinsu lami ne, suna cewa tun waccan rigimar suka daina sa gishiri. Da miya mai yaji yana shiga sosai.