Me ya sa ake haɗa dunƙulen jan ƙarfe masu haske a cikin ruwan ayon?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Na karanta cewa jan ƙarfe yana ba da haske idan an mayar da shi ƙananan dunƙule a cikin ruwan ayon. Yaya ƙarfe zai yi haske, kuma mene ne aikin wannan ruwan?

Amsa: Sirrin yana cikin ƙanƙanta. Idan dunƙulen bai wuce nanomita 2 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wato atom kaɗan ne zuwa wasu gommai, ilektiron ɗinsa ba sa yawo sakaka kamar yadda suke yi a wayar lantarki, sai su takaita a kan matakan kuzari rarrabe. Da ka haska musu fitilar UV, wato hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 365, sai su hau mataki na sama, idan za su sauko kuma su saki kuzarin a matsayin haske shuɗi, kore ko ja, gwargwadon girman dunƙulen da abin da ya lulluɓe shi.

Matsalar jan ƙarfe ita ce saurin kama iskar oksijin. Ƙarfin karɓar ilektiron ɗinsa volt 0.34 ne, na azurfa 0.80, na zinare kuwa kusan 1.5, kuma gwargwadon girman wannan adadi gwargwadon juriyar ƙarfe ga oksijin, shi ya sa dunƙulen zinare ke daɗewa, na jan ƙarfe kuma ya dusashe ko ya manne da 'yan'uwansa ya zama babbar ƙwaya marar haske. Duk da haka araharsa ta sa ba a rabu da shi ba.

A nan ruwan ayon ke shigowa. Ayon su ne ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke haɗa gishiri, ruwan ayon kuwa gishiri ne da ke narkewa ƙasa da digiri 100 na Salshiyos, alhali gishirin miya sai ya kai 801. Masanin sinadarai Paul Walden ya bayyana irinsa a 1914, mai narkewa a digiri 12. Ana zuba gishirin jan ƙarfe a ciki, galibi a irin mai ayon da ake kira imidazoliyam, a ƙara mai ba da ilektiron kamar bitamin C ko sodiyam borohaidaraid, sau da yawa tare da sinadari mai sulfa kamar gulutatayon. Ayon ɗin suna kewaye kowane dunƙule kamar shinge, su hana shi girma, su rage isowar oksijin, kuma kaurin ruwan yana hana abin da ya lulluɓe dunƙulen motsi, don haka kuzarin da zai salwanta a zafi yake fitowa a haske.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, ganin haske a kwalba ba hujja ba ce. Ruwan imidazoliyam da kansa yana ɗan haskawa a ƙarƙashin UV, haka ma haɗin jan ƙarfe da sulfa wanda bai zama dunƙule ba. Saboda haka ka auna ruwan shi kaɗai tukuna, sannan ka tabbatar da girman dunƙulen da madubin ilektiron da na'urar auna nauyin ƙwayoyi. Ka kuma yi hattara da ruwan ayon mai ɗauke da ayon PF6, domin idan ya haɗu da danshi yana iya sakin asid ɗin HF mai cin fata da gilashi.