Ƙwayar cutar ta kwanta, me ya sa CD4 ya ƙi tashi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce wata takwas kina shan magani, gwajin bairal lod ya nuna ba a ganin ƙwayar HIV a jininki, amma CD4, wato adadin sojojin garkuwar jikinki, ya tsaya a 240, har kina zargin maganin bai karɓe ki ba. Shekarata 13 ina sha, kuma na taɓa zama a bencin asibiti riƙe da irin takardar nan, hawaye na ɗiga a kanta.

Bairal lod ƙirga ƙwayar ake yi a mililita ɗaya na jini. In ta gaza 50, ta kwanta. Sai dai ba cinye sojojin jiki kaɗai take yi ba, tayar musu da hankali take. Muddin tana yawo a jini, garkuwar jiki ba ta runtsawa, kullum a bakin daga, sojojin su gaji su mutu, har da waɗanda ƙwayar ba ta taɓa ba. Yawanci in ƙwayar ta ƙaru tashin hankalin ya ƙaru, in magani ya danne ta ya lafa. Amma ba ya mutuwa murus, shi ya sa CD4 kan yi jinkirin tashi. Ko an janye itace daga murhu, sa hannu a tokar ki ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki hanji ne. Tun makonnin farko na kamuwa ƙwayar ke share CD4 na bangon hanji, bangon ya yi rauni, ɓurɓushin ƙwayoyin cikin hanji su riƙa tsiyaya cikin jini, garkuwa ta yi ta bin su. Akwai ma wani biri a Afirka ta Yamma, suti mangabe, jininsa cike da 'yar'uwar ƙwayar HIV, amma da wuya ya kwanta ciwo, don garkuwarsa ba ta haukacewa a kanta.

Batun ajiye magani kuwa, don Allah kar ki soma. An gwada hutawa da magani a wani babban binciken likitoci mai suna SMART, aka tsayar da shi a 2006, domin masu hutawa da magani sun fi rashin lafiya da mutuwa, har da ciwon zuciya, ƙoda da hanta, kuma alamun kumburi a jininsu sun hau da ƙwayar ta dawo.

Ni da CD4 90 na fara, sai da na shekara huɗu kafin na haura 400. Wanda ya fara a makare ya fi jan lokaci. Ki nemi a duba ki tarin fuka da ciwon hanta, ki kwana a gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro ma kan ɗaga bairal lod na ɗan lokaci. In an ba ki Septrin, maganin kare jiki daga wasu cututtuka, kar ki tsallake. Nawa ne CD4 ɗinki ranar da kika fara? Faɗa mini mu gani.