Amsa ga Alhaji kan maganar hawa jirgi da Tukano

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, ina wuni, ya iyali, ya kasuwa? Na saurari muryarka ta jiya, inda ka ce duk mai tsoron hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya bar kuka ya hau jirgi, kuma wai tunda an sawo jiragen yaƙi na Tukano maganar ɓarayin daji ta kusa ƙarewa. Ka yi haƙuri, ƙanenka nike, amma wagga magana ban ɗauke ta ba.

Ni sana'ata ta sa kullum ina tsakanin nan da Legas da Abuja. Jirgin nan ai sai ka shiga mota kafin ka iske shi. Shekara da shekaru mutumin Gusau sai ya yi sama da kilomita 200 zuwa Sakkwato, ta Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, ko ya nufi Kano ko Kaduna. An soma aikin filin jirgin Gusau a 2024, Allah ya sa ya amfane mu, amma mutumin Ɗansadau ko Shinkafi hanyar da yake tsoro ita ce dai za ta kawo shi bakin filin.

To ka isa lafiya, sai jira. Tikitinka na ƙarfe ɗaya, kana cikin mota saƙo ya shigo waya an mai da shi biyar. Biyar ta yi, wata murya ta ce a yi haƙuri. Idan lokacin hazo ne, Disamba ko Janairu, matuƙi ba ya ganin titin sauka, ba mai ganin laifinshi. Amma sau da yawa ba hazo ba ne. Kamfani jiragenshi kaɗan ne, man jirgi da kayan gyara duk farashin dala suke bi, jirgi guda ne zai yi Legas, ya yi Abuja, sannan ya zo muku. In ya makara da safe, ku na ƙarshe ku ke biya. Ga filaye da dama ba a sauka cikinsu in rana ta faɗi. Sai a ce an soke, ana kiran magariba. Gida ba ya komuwa da dare, ka nemi masauki da kuɗinka. Na ga wata dattijuwa rungume da ambulan ɗin hoton ƙirji, likita na jiranta Abuja da safe, ɗanta na ta roƙon yaron da ke bayan kanta, shi kuma yaron bai san komai ba, waya kawai yake dannawa. Dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta ce in jinkiri ya kai awa biyu a ba ka abin taɓawa, in ya kai uku kana iya neman kuɗinka. Nemi ɗin mana, ka ga sati nawa za ka yi kana bi.

Kuma kada mu manta, 26 ga Maris 2022 'yan bindiga sunka kai hari filin jirgin Kaduna, sunka kashe mai gadi. Bayan kwana biyu sunka tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, cike da mutanen da sunka guje wa mota. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu Tukano. Guda 12 anka sawo daga Amurka, kusan dala miliyan 500, sunka fara isowa Yulin 2021, anka aje su Kainji. Ban ce ba su aiki ba, sun yi ɓarna ga miyagu. Amma cikin wannan Yulin ɓarayin daji sunka harbo jirgin yaƙi na Alpha Jet tsakanin Zamfara da Kaduna, matuƙin ya dira da lema, Allah ya tsirar da shi. Kafin nan, Maris 2021, bayan an kwashe 'yan mata 279 a Jangeɓe, gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar Zamfara, ta hana haƙar zinari. Watan Satumba anka kashe mana layin waya. Mun ga duk wannan. Sai ga shi Nuwamba 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko Wasagu, jihar Kebbi, kafin asuba, an kashe mataimakin shugaban makaranta, an tafi da ɗiyan mutane 25. Gwamnan Kebbi da kanshi ya fito yana tambayar wa ya janye sojojin da anka kai wurin. Jirgi ba ya gadin ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai, Alhaji.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne in labarin da anka ba matuƙi bai inganta ba. Tudun Biri a Kaduna, Disamba 2023, masu Mauludi jirgi maras matuƙi ya hallaka, sama da mutum 80. Nan gida Janairu 2025, Tungar Kara, 'yan sa-kai ne bam ya faɗa wa, mutanen da sunka fito bin ɓarayi. Daga sama mai babur da bindiga duk kamarsu guda, sai in akwai na ƙasa da ya san wane ne wane.

Ga iyaka kuma. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 haɗin kai ya yi rauni, sai ga 'yan bindigar Lakurawa. Mera ta ƙaramar hukumar Augie, Nuwamba 2024, mutum 15 sunka kashe. Ni shirin tsaro da na gane shi ne wannan: ƙauye ya buga waya ƙarfe biyun dare, awa nawa kafin wani ya iso? Yaran nan sojoji suna mutuwa dominmu, wallahi ba su nike zargi ba. Muna da birged a Gusau, da rundunar Fansan Yamma, da Askarawa, jami'an tsaron gwamnatin jiha, amma sansani nawa ke da motar da ta sha mai, da izinin fita ba sai an jira waya daga sama ba?

Baba Manjo, kai ka yi aikin nan har ka aje kaki. Don Allah in ka samu sarari ka turo mana murya, in kira ya shigo sansani da tsakar dare, hannu nawa yake bi kafin mota ta tashi?