Yaushe aka fara gasar tanis ta mata a jami'o'in Amurka?

An yi tambaya kan lokacin da gasar tanis ta ƙasa ta ɗalibai mata a Amurka ta samo asali, da kuma jami'ar da ta fi lashe ta.

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta shirya gasarta ta farko ta tanis ta mata a 1982, inda Jami'ar Stanford ta doke Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA) a wasan ƙarshe. Kafin nan, ƙungiyar AIAW, wadda mata suka jagoranta, ita ke riƙe da wasannin ɗalibai mata. Bayan dokar Title IX ta 1972 ta tilasta wa makarantu ba mata dama daidai da maza, sai NCAA ta shigo da kuɗinta da ƙarfinta, manyan jami'o'i suka koma wajenta, AIAW kuwa ta durƙushe, abin da a ganina bai yi wa waɗanda suka share fagen adalci ba.

Stanford ce kan gaba da kofi 20, ciki har da shida a jere daga 1986 zuwa 1991 ƙarƙashin koci Frank Brennan. Jami'ar Florida ke biye mata da bakwai. A 2020 ba a yi gasar ba saboda annobar korona.