Amsar Yaya a guruf ɗin 'yan gudu: ina za a sa waya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce ka yi sabuwar waya, kana so ka sayi abin riƙe ta in za ka fita gudu, wai na dantse ya fi ko na ƙugu. To Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya. Na ga an ba ka amsa kala-kala, wani ma ya ce ka riƙe a hannu kawai. Shi ya sa na ce bari in yi murya, don rubutu ba zai ɗauke abin da ke bakina ba.

Ka ga ni, yadda na fahimci tambayar nan taka, ba maganar dantse ko ƙugu kake ba. Abin da kake tambaya shi ne yaya za ka fita bayan sallar asuba da wayar da ka tara kuɗi ka saya, ka dawo gida da ita lafiya, ba ta fashe ba, ba a karɓe ta ba. Wannan ce tambayar. Duk wanda ke zaune a Kano ya san abin da nake nufi, ba sai na tsaya bayani a kan masu ƙwacen waya ba. Ƙarfe shida saura, gari bai gama wayewa ba, titi ba kowa sai kai da ɗan adaidaita sahu jefi-jefi, kai kuma ka ɗaura waya a dantse gilashinta na haske kamar fitila. Haba ɗan'uwa. Ai tun daga nesa an san me ka ɗauko. Saboda haka abu na farko a wurina, kafin daɗi, kafin komai, kada a gan ta. In ba a gan ta ba, an rage rabin fitina.

Yauwa. Shi wanda ya ce a riƙe a hannu, ɗan'uwana ne, muna tare, amma ban yarda ba sam. Wayoyin yanzu ba irin na da ba ne. Ɗauki Tecno ko Infinix ko Samsung ɗin da yawancinmu ke riƙewa, faɗin gilashin inci 6 da rabi ne ko ya fi, nauyinta wajen giram 200. Za ka ce ai ba nauyi. E, a zaune ba nauyi. Amma mai gudu yana taku wajen 160 a minti ɗaya, lissafa rabin awa, ka kusa taku 5,000, kuma kowane taku hannu yana kaiwa yana komowa. Hannu ɗaya a dunƙule da kaya, ɗaya a sake. Kafaɗar ɓangaren nan za ta ɗage ba ka sani ba, sai ka dawo gida ka ji wuyanka ya riƙe ka ce matashi ne. Ga gumi a tafin hannu, waya na santsi. Ka yi tuntuɓe ɗaya, hannun da za ka kare fuskarka da shi yana riƙe da waya. To wanne za ka ceta? Bar wannan maganar ma.

Na dantse kuwa, ni ya taɓa cuta ta, kuma har yau abin na ci mini rai. Shekara uku ke nan ko huɗu, na shiga wani shago, yaron ya ɗauko mini shi a kwali mai kyau, ya rantse mini cewa orijinal ne, ko ruwa aka tsoma shi ba abin da zai sami waya. Na biya ban ko yi ciniki sosai ba. Satin farko lafiya. Sati na biyu, abin mannewar nan da ke ƙara in ka ɓalle shi ya fara sakewa, saboda ƙurar hunturu da zaren riga sun cika shi. Ina gudu yana zamewa yana saukowa gwiwar hannu, in tsaya in ja shi sama, in ƙara matsewa. In na matse sosai yatsuna su yi nauyi kamar jini ba ya zuwa, in na sassauta ya yi ta rawa. Gefensa kuma ya goge mini nan ƙasan hammata, fata ta saluɓe, in na zuba ruwa wajen wanka raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono. Duk na haƙura.

Ranar da abin ya faru, a wajen filin sukuwa ne, Nasarawa, na zagayo zan hau kwalta. Aljihun abin dantsen da ma wayar ta ɗan fi shi tsawo, kanta a waje yake. Na ɗaga hannu zan gaisa da wani dattijo da muke haɗuwa kullum, kawai sai na ji tas a ƙasa. Ta faɗi ta fuska. Da na ɗago ta, gilashin ya yi kamar saƙar gizo-gizo tun daga kusurwa har ƙasa, rabi baƙi ƙirin, rabi na ta ƙyaftawa. Kuɗin canjin gilashin ya kusa rabin kuɗin wayar, kuma wanda aka sa mini bai taɓa kai na asali haske ba. Na koma shagon, ba don ya biya ni ba wallahi, don dai ya san kayansa ba su da kyau ya daina yi wa mutane rantsuwa. Ka san me ya ce mini? Wai ni ne ban iya ɗaurawa ba. Ni! Ko sannu bai ce ba. Ya juya yana sallamar wani. Mutum ya rantse maka da Allah a kan roba da leda, in ta ɓaci ya ce laifinka ne. Wannan rashin amanar ita ta fi fashewar gilashin yi mini ciwo, kuma shi ya sa duk wanda ya ce mini orijinal ne yanzu, sai na juya ɗinkin ciki na duba da idona.

To, ina muke? Yauwa, zafi. Wannan ma aibin na dantse ne da ba a faɗa. Fuskar abin leda ce mai gani-har-hanji, rana na dukanta kai tsaye, iska ba ta shiga. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da wayarsu a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu nan a watan Maris da Afrilu ana kai 40. Ga GPS a kunne yana bin sawunka, ga data, wani ma ga karatu ko kiɗa a kunne. Waya za ta ɗau zafi, hasken ya ragu da kansa, kuma batirin irin wayoyin nan ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Mai fita da asuba wannan bai cika damunsa ba, amma masu fita da la'asar ku lura.

Saboda haka ni na ƙugu nake cewa. Amma tsaya, bari in gyara, kada ka je ka sayo irin jakar nan ta masu POS ko ta 'yan kasuwa mai reto a gaba. Ba ita nake nufi ba. Wannan in ka fara gudu za ta yi ta dukan mararka, ba za ka yi kilomita ɗaya ba za ka cire. Wanda nake nufi siriri ne, na roba mai miƙewa, kamar faffaɗan bel, yana lafewa a jiki, waya na shiga a kwance ka ja zif. Ka saukar da shi kan ƙashin ƙugu, ba kan ciki ba, don kada ya takura numfashi. Ka saki riga a kai. Shi ke nan, ba mai sanin kana ɗauke da komai. Dalilin da ya sa ya fi kuwa a fili yake: a jikin mai gudu, ƙugu ne wurin da ya fi ƙarancin motsi. Hannu na lilo, ƙafa na lilo, ƙugu na tsakiya. Giram 200 a can ba ka ma jin sa.

In za ka saya, tafi da wayar. Kada ka ce ai za ta shiga. Sa ta a ciki tare da robar bayanta, ja zif, ɗaura, ka yi tsalle sau goma a gaban mai shagon. In ka ji tana dukanka, ajiye masa kayansa. Kada ka ji kunya, kuɗinka ne.

Ni yanzu ma gaskiya ba bel ɗin nake sawa kullum ba. Na samu gajeren wando na 'yan ƙwallo mai kama jiki a gwanjo, Ƙofar Wambai, na kai wa telana ya ɗinka mini aljihu daga ciki daidai girman wayar, ya sa ɗan zif, sai in ɗora dogon wando a kai. Da farko a baya muka sa, tsakiyar ƙugu. Sai na ga nan ne gumi ya fi taruwa, muka mai da shi gefe, wajen cinya ta sama. Aljihun wando na yau da kullum mai faɗi dai kada ka fara, waya za ta yi ta bugun cinyarka tana jan wandon ƙasa, kuma daga nan take tsalle ta fita.

Maganar gumi kuma, na ji wani ya ce ai tasa ba ta jin ruwa. Lambar nan da suke rubutawa, IP67, ma'anarta an gwada ta a ruwa mai tsabta, zurfin mita 1, minti 30. Gumi akwai gishiri a ciki, shi ke shiga ramin caji ya ci ƙarfen a hankali, wata rana ka sa caja ta ƙi kamawa. Kuma yawancin wayoyin da muke saya ba su ma da wannan lambar. Sami 'yar leda mai zif a baki ka sa ta ciki kafin ka sa a bel, ta tare gumi, ta tare ƙura, da damina ta tare yayyafi. Ka kulle fuskar kafin ka sa, don kada jikinka ya yi ta danne-danne ya kira mutane da asuba. GPS yana kamawa ta cikin tufa, Strava ɗinka, manhajar nan ta lissafin gudu, zai lissafa maka komai, ba sai kana kallo ba.

'Yan'uwanmu mata da ke cikin guruf ɗin nan, Hajiya ke ma kin taɓa tambaya, bel ɗin nan ya fi muku sauƙi ma, don hijabi na rufe shi ruf. Cusa ta a ƙirji da wasu ke yi, gumi ne kawai zai kashe wayar.

Sai abu ɗaya, ƙanina, don Allah ka ji wannan. Yau ɗin nan ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za ta fito, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida tare da rasit. In za ka fita kai kaɗai, ka tura wa wani a gida wurin da kake ta WhatsApp, akwai na minti 15, da na awa 1, da na awa 8, zaɓi na awa ɗaya. Iyafis kuma kunne ɗaya kawai, ka bar ɗaya yana jin abin da ke tahowa ta bayanka. In kuma Allah ya kiyaye aka tare ka da makami, miƙa musu. Kada ka yi gardama, kada ka bi su. Mun san gidajen da aka yi zaman makoki a garin nan a kan waya. Ranar da zan bi hanyar da ban yarda da ita ba ma, babbar a gida nake barinta, in ɗau 'yar ƙaramar mai tocila, don dai in wani abu ya faru in iya kira.

Asabar in Allah ya kai mu, in mun haɗu a ƙofar filin wasa na Sani Abacha, Ƙofar Mata, zan taho maka da bel ɗina da wandon ka gani. Ka zo da wayar mu gwada, kada ka sayi komai kafin nan. Muryar ta yi tsawo, ku yi haƙuri. Sai da safe.