Sola don Firizar Shago: A Ina Kuɗin Yake Nutsewa?

Wani mai shagon kayan sanyi a Kano ya ce tun cire tallafin mai a 2023 janareta ke cinye ribarsa. Yana da firiza ɗaya, fanka da ƙwan fitila uku. Shin sola za ta fisshe shi?

Malam, za ta fisshe ka, amma sai ka yi lissafi kafin ka shiga kasuwa. Farantin sola yana mayar da hasken rana lantarki, kwanturola ta daidaita cajin, batir ya ajiye, inbata kuma ta juya wutar zuwa irin ta Nefa wadda firiza ke sha.

Firiza mai wat 150 da ke aiki awa 14 tana cin wat-awa 2,100 a yini (wato wat sau awannin aiki). Haɗa fanka da fitilu, ka kusa 3,000. Faranti mai wat 550 yakan ba da kamar 2,000 a yini idan an cire asarar zafi da ta waya. Biyu sun isa, amma sayi uku saboda hadarin Agusta da ƙurar hunturu. A fuskantar da su kudu, a ɗan karkata su, a riƙa gogewa duk mako.

Inda kuɗin mutane ke nutsewa shi ne batir. Mai ruwa na 12V 200Ah yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabi ne naka. Kullum ka zuƙe shi ƙarƙaf, da wuya ya yi shekara biyu. Biyu za ka haɗa, ka riƙa duba ruwansu duk wata, kuma tataccen ruwan batir (distilled water) kawai ake zubawa, ban da na rijiya ko famfo. Na litiyam ya fi tsada, sai dai ana shan kusan kashi 80 cikin 100 nasa, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. In jari zai kai, shi nake ba ka shawara. Sannan ka loda kaya da safe su daskare da rana, dare ya zama riƙe sanyi kawai.

Kada ka sayi inbata daidai wat 150. Kwamfuresar firiza na fizgar ninki uku zuwa biyar lokacin tashi, don haka nemi 1.5kVA zuwa sama, mai tsaftatacciyar wuta, domin mai araha tana ƙona kwamfuresa.

Rubuta kuɗin man da kake ƙonawa a wata, haɗe da gyaran janareta, ka raba jimillar kuɗin solar da shi, ka ga watannin da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. In watannin sun haura rayuwar batirin, dakata ka ƙara tari.