Hukuncin Farke Cikin Kifi Don Auna Gubar Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina bincike kan ruwan madatsar Lagdo da kogin Binuwai. Muna kama tarwaɗa da karfasa, mu ciro hantarsu, mu auna wani sinadari mai suna CYP1A da hanta ke ƙara samarwa idan kifi ya zauna cikin ruwa mai guba, irin ta baƙin mai. Dole hantar ta shiga sanyi nan take, shi ya sa wani lokaci muke farke kifin yana motsi. Naman kuma muna ba masuntan da ke taimaka mana. Abokina ya ce kashe dabba ba don ci ba haramun ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, binciken halal ne, kuma da kyakkyawar niyya akwai lada. Kifi ba ya buƙatar yanka, wannan ba a jayayya a kansa.

Abokinka yana nufin hadisin wanda ya kashe tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, aka ce haƙƙinsa shi ne a yanka a ci, kada a cire kansa a jefar. Akwai waɗanda suka tsaya a kan zahirinsa, suka ce in ba ci ba, babu kisa. Ban yarda da su ba. Hadisin yana zargin mai ɓarna ne, wanda ya kashe ya watsar. An ambaci ci domin shi ne amfanin da aka saba samu daga ɗan tsuntsu, ba don a rufe ƙofar sauran amfani ba. Wata ruwayar ma, duk da an yi magana kan isnadinta, tsuntsun ƙara yake kaiwa cewa an kashe shi don wasa, ba don amfani ba. Kuma ai shari'a ta halatta kashe kunama da ɓera da kare mai cizo, wa ke cin su? Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, farautar wasa suka karhanta, wadda ba ta wasa ba suka halatta. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, kifinta ke shiga tukwanen Garwa, har da ta gidana. Wanda ya kashe kaɗan don ya san ko dubbai na cin dafi, ta yaya za a jera shi da yaron da ke harbin tsuntsu da danƙo?

Amma abin da ka faɗa a tsakiyar tambayarka ka wuce, shi ya tsaya mini a rai: kifin yana motsi kuna farke shi. Wannan bai halatta ba matuƙar akwai mafita, kuma akwai. An umarce mu da kyautata kisa. Ka yi masa duka mai ƙarfi a ka har ya daina motsi, sannan ka sa wuƙa. Daƙiƙun nan ba za su lalata maka hanta ba. Ka shirya abin sanyinka kafin a ɗago koma, kada kifi ya yi ta haki a kan yashi kana neman kwalba. Kada kuma ka kama fiye da adadin da gwajin ke buƙata.

Sai naman. Idan kana da zato mai ƙarfi cewa wurin na da guba, ko ka kwantar da kifin da magani, kada ka miƙa wa masunci ya kai wa iyalinsa alhali ka san abin da bai sani ba. Ka binne naman. Idan babu zato, ka ba shi naman, hakan ya fi.

Idan aikin ya kai ka ga kwaɗo, ka kauce matuƙar kifi ya wadatar, domin a hadisi an hana wani likita kashe shi ko don magani. Dabbobin gandun dajin Binuwai kuwa, kada ka taɓa sai da izinin hukuma.

Kuma ɗana, ka fi ni sanin cewa wannan sinadari yana hawa da sauka da zafin ruwa da lokacin ƙwai, kuma ba ya faɗin wanda ya zuba gubar. Kada ka nuna manomin auduga ko mai wankin mota da yatsa kafin hujja ta cika. In ta cika kuma, kada ka ɓoye sakamako don tsoron wani babba, ka fara sanar da masuntan da suka ɗauke ka a kwalekwalensu.

Wallahu a'alam.